Maƙwabciyar Mahaifiyata

Kayana kaf jakar bakko ɗaya suke shiga, kuma ba talauci kaɗai ya jawo hakan ba. Haka na koya wa kaina zama a gidan mahaifiyata da ke unguwar Zahir a Makka: ba na ajiye abin da ba zan iya kwashewa ba kafin ruwan shayi ya tafasa. Takalmina ba ya zama a bakin ƙofa kusa da nata, a ƙarƙashin kujera yake. Katifata siririya ce, naɗe ta nake yi kamar tabarma. Ko burushin goge bakina ba ya kwana a banɗaki, yana aljihun jaka cikin leda. Na haura hamsin, a Makka aka haife ni, ban taɓa taka wata ƙasa ba, amma kullum ina zaune kamar alhajin da ke jiran jirgi.

Gidan haya ne, ɗaki biyu da ɗan falo a hawa na uku, abin da a nan muke kira shigga. Gwamnati ce ke ɗauke mafi yawan kuɗin hayar, cikin taimakon da take bai wa 'yan ƙasa masu ƙaramin ƙarfi, wanda kowa ke kira daman. Mahaifiyata ta cancanta. 'Yar ƙasa ce, mijinta ya rasu, ga tsufa, kuma ba ta da wata hanyar samu. Ba don wannan taimako ba da tuni muna titi, domin hayar Makka ba ta da imani. A wajen hukuma, tsohuwa ɗaya ce ke zaune a shiggar nan, ɗanta namiji yana leƙo ta lokaci-lokaci. Ni babu ni. Ba ni da igama, wato takardar zaman ƙasa, ba ni da takardar haihuwa, kuma babu inda aka rubuta cewa matar nan ta taɓa haihuwata.

Wanda bai san Bahaushe ba zai ce ƙi ne. Ba ƙi ba ne, kunya ce. Ni ce 'yar fari. Iyayena ta Sudan suka biyo suka zo, ba su zo da komai ba sai tukunya da buta da al'adar gida, ita kuwa al'adar ko ruwan teku bai jiƙa ta ba. A al'adar, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san da zamansa. Mahaifina ya rasu ina goye. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma a kan dutsen Tandabawi, ita nake kira Inna. Mahaifiyata layinmu ɗaya da ita, Yaya nake ce mata kamar yadda na ji matan layin suna faɗa. Ita kuma idan dole ta kama ta yi min magana sai ta ce "ke", in ta yi kirki ta ce "'yar Inna". Amma duk ranar da ta soya nama sai ta aiko da kwano ta ce a kai wa Inna, alhali duk layin an san Inna ba ta da haƙorin tauna ko da dabino. Ni nake cinyewa, kuma na san don ni aka aiko.

Ina da wayo kaɗan Yaya ta sake aure. Mijin Bahaushe ne, amma kakanninsa ne suka zo, don haka ɗan ƙasa ne cikakke. Da aka zo yi mata takardar zama 'yar ƙasa ta dalilinsa, aka kai ta ofis, miji a dama, yayan miji a hagu. Ma'aikacin ya tambaye ta ko tana da ɗa ko 'ya daga auren farko. A gaban yayan miji, ta buɗe baki ta ce tana da 'ya, sunanta wance? Yaya ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki. Ma'aikacin ya sake tambaya, ta ƙara sunkuyawa. Shi bai san kunyar ɗan fari ba, ya ɗauki shirun a matsayin babu, ya rubuta babu. A hanya mijin ya ce kada a damu, a bari a gama nata tukuna, sai a dawo kan yarinya. Da labari ya iso wa Inna, cewa ta yi, "To dama wa ya ce tata ce? Yarinya tawa ce." Har a gidajen biki an daɗe ana ba da labarin, mata suna jinjina kai suna cewa wance ta cika mai kunya, irinsu sun ƙare. Ina zaune a gefe ina jin daɗi ana yabon Yaya. Ba a taɓa dawowa kan yarinyar ba.

Sauran rayuwata daga wannan shirun ta fito. Ban shiga makarantar gwamnati ba, sai ta allo a layinmu. Na auri wani tela, shi ma ba takarda, domin mai takarda ba ya kallon irinmu sai in zai sayi waina. Wata rana ya fita sayen zare aka yi kamen tarhil, wato na mayar da marasa takarda ƙasashensu, aka tura shi Kano, ƙasar da shi dai ya sani. Ya yi ta kira yana cewa zai dawo, daga baya ya aiko min da saki ta saƙon murya. Allah bai bar min ɗa ba. Sana'ata girki: idan alhazai suka cika unguwar Jarwal, ina yi musu tuwo da miyar kuka, da waina, wata mata mai igama tana kai musu masauki ta ɗauki rabonta. Na iya tafiyar marar takarda tun ina yarinya. Ba a sauri, ba a waiwaye, kuma idan aka hango motar askarawa ba a juyawa, sai dai a shiga shagon da ya fi kusa a fara taya tumatir.

Duk da haka a Tandabawi ina da ɗaki nawa. Mai gidan ya san ni tun ina rarrafe, ba ya tambayar takarda, hannu da hannu muke yi. Sai aka zo aka shafa jan fenti a bangon layinmu, alamar rusau. Masu gidaje aka biya su diyya, mu 'yan haya aka ce Allah ya ba mu sa'a. A lokacin Inna ta daɗe da rasuwa, mijin Yaya ma ya bi ta. Na fita neman ɗaki, na tarar duniya ta canza: yanzu haya sai an shigar da ita a kwamfuta da lambar katin mutum. Ni ko akurkin kaji ba zan iya kamawa da sunana ba.

Ƙanena, ɗan Yaya da mijinta na biyu, shi ya yi ta zirga-zirga har aka amince da daman. Gadi yake yi a wani kamfani a Jidda, albashinsa ko iyalinsa ba ya isa, kuma yana da kirki, ba zan ci amanarsa ba. Ranar da muka tare a shiggar, ni da Yaya da ita ma rusau ya kora, ya zaunar da ni a kan kwalin kwanuka. Hausarsa irin ta yaran nan ce, rabi Larabci, kuma Abla yake kirana, yadda Larabawan nan ke kiran babbar 'yar'uwa.

"Abla, alhamdulillah an yarda da daman na Ummi. Bas akwai sharaɗi. Za su riƙa turo bahisa, mai duba gida, ta ga ko abin da muka faɗa gaskiya ne. In ta samu wani yana zaune wanda ba a rubuta ba, mushkila. In kuma ba shi da igama, mushkila biyu."

"To ni ce mushkila biyun ke nan."

"Haram alaiki, Abla, ni ban ce haka ba."

"Ba ka ce ba, na dai ji. To me zai hana a je a faɗi gaskiya, a ce ni 'yarta ce? Ga ta nan da ranta, ga ni."

Ya share gumi. Ya ce ya riga ya tambayi wani masani. An gaya masa sai an je kotu, sai an gwada jini, sai Yaya ta bayyana dalilin da ya sa ta ce ba ta da 'ya, sai ni kuma na kai kaina gaban hukuma na ce ga ni, shekara hamsin ba takarda. Kuma mai yiwuwa a dakatar da taimakon hayar har a gama shari'a, wadda ba wanda ya san ranar gamawarta.

"A ina za ku zauna kafin nan?" ya ce. "Wallahi Abla, a bar kaza cikin gashinta."

Na juya na kalli Yaya. Tana zaune tana jera kofunan shayi a kan tire, kamar labarin wasu mutanen ake yi.

Haka muka shiga tsarin. Idan za a zo duba gida, saƙo yana shiga wayar ƙanena, shi kuma ya kira ni. Manyan tukwanena, waɗanda kowa ya gani ya san na sana'a ne, sai in sauke su wajen wata mata 'yar Chadi da ke hawan ƙasa da mu. In naɗe katifa, in cusa komai a jaka, in hau rufin bene in zauna a inuwar tankin ruwa. Daga can ana hango hasumiyar agogon Harami sarai. Mutane suna sayar da gona a Najeriya don su zo su ga abin da nake kallo, ni kuwa ina zaune rungume da jakar bakko, siminti yana gasa min ƙafa, ina tsine wa jan mayafi da wanda ya ƙirƙiro shi. Ba na saukowa sai ƙanena ya yi min fito daga matakala.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda Yaya ta ƙware wajen share sawuna. Idonta ba ya kuskure. "Ke, kin bar ɗankwalinki a ƙusa." "Ke, kofi biyu ne a wajen wanke-wanke." Har gashina take tsincewa daga mataji, domin nawa bai gama fari ba, nata kuwa fari ne fat. Wata rana ta miƙo min allurar da na soke a labule, raina ya ɓaci, na ce, "Ai kin saba, Yaya. Ba yau kika fara share ni ba." Da na sauko daga rufin na tarar da kwano a rufe a inda nake shimfiɗa katifa, da soyayyen nama a ciki. Na ci ina hawaye, kuma fushin bai tafi ba.

Zan faɗi gaskiya, ba igama na fi so ba. Igama ina son ta, wa zai ƙi ya taka titi da ƙafa biyu? Amma abin da na fi so tun ina yarinya shi ne in ji matar nan ta ce 'yata, ko sau ɗaya, ko cikin faɗa, ko da zagi za ta haɗa. Na ji ta kira ƙanena da sunansa sau ba adadi, har da na shagwaɓa. Nawa sunan ban san yadda yake fita daga bakinta ba.

Sai tsufa ya fara taɓa mata kai. Da farko gishiri take sawa a shayi mu yi dariya. Daga baya ta fara tambaya ko jirgin ruwa ya iso, ko an ɗauko buhun geronta. Larabcin da ta yi shekaru tana ciniki da shi ya fara zubewa, Hausa kaɗai ta rage, Hausar ƙauyensu mai kalmomin da ban taɓa ji ba. Takan ce a kai wa Inna abinci. Ni nake mata wanka, ni nake canza mata shimfiɗa, ni nake ba ta abinci a baki tana ture cokali. Na daina karɓar aikin girki sai kaɗan, domin ba a barin ta da wuta, ba a barin ta da ƙofa.

Wannan ya ƙara ɗaure mu. Ƙanena ya ce idan bahisa ta ga Yaya ba za ta iya zama ita kaɗai ba, tana iya rubuta a mayar da ita gidan kula da tsofaffi, shiggar kuma ta tafi. Idan kuma ta ga akwai mai kula da ita dare da rana, za ta tambaya wace ce. Gaba kura, baya sayaki. Shi ya kawo dabarar: a ce akwai maƙwabciya mai tsoron Allah da ke leƙowa safe da yamma, shi kuma yana zuwa ƙarshen mako. Ya ce ba sai an gan ni ba, labari ne kawai da zai bayar. Na ce to, tunda ni dai dama labari ce.

Ranar da abin ya faru, saƙon ya ce bayan azahar za a zo. Tun jiya na sauke tukwane. Da hantsi na zaunar da Yaya a ƙasa tsakanin ƙafafuna ina yi mata kitso, don a same ta tsaf. Na gama gefe ɗaya ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na ɗauka 'yar Chadi ce, na tashi da mataji a hannu na buɗe. Wata matashiya ce cikin abaya, da kati rataye a wuya, da na'ura mai kama da allo a hannu. Ta yi sallama, ta ce an sauya mata jerin gidaje, ta yi ta kiran ɗan gidan bai ɗauka ba. Jakata tana bayan ƙofa, katifa a naɗe a kanta. Na tura ƙofar ta rufe su, na ce ta shigo.

Yarinya ce mai ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta durƙusa ta sumbaci Yaya a ka, ta ce mata ya ummi. Ta leƙa banɗaki, ta leƙa kicin, ta buɗe firji, ta duba na'urar sanyaya ɗaki. Ni kuma, don kada in tsaya kamar gunki, na shiga haɗa mata shayi. Hannuna ya tafi kai tsaye wajen sukari, wajen na'ana'a, wajen ƙaramin cokalin da ke ɓuya bayan gwangwanin madara. Da na ɗago na ga tana kallona. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Ta zauna kusa da Yaya tana yi mata tambayoyi da Larabci a hankali. Tana cin abinci? Tana shan magani? Yaya tana ba ta amsa da Hausa, tana gaya mata farashin gero a ƙauyensu. Yarinyar ta yi murmushi, ta shafa kitson da ban gama ba, ta shinshina turaren da ke jikin zanen Yaya, ta ce masha Allah, an kula da ke. Sannan ta tambaya, "Ya ummi, wa yake yi miki duk wannan hidimar?"

Na sunkuya zan ajiye tire ke nan Yaya ta cafke wuyan hannuna. Ƙarfin da ke hannun ban san tana da shi ba. Ta ɗago ta kalle ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kira sunana. Cikakke ta kira shi, ta ja ƙarshensa yadda Inna take ja idan tana nemana a layi. Sannan ta juya wajen baƙuwar, Larabcin da muka ɗauka ya tafi ya dawo mata tsaf.

"Hadi binti," ta ce. Wannan 'yata ce. Ta ci gaba da Hausa, murya a sake. "'Yar farina ce. Ni na haife ta, a ɗakin Inna, ranar da ruwa ya gangaro daga dutse ya shiga ɗakuna. Kan tebur aka ɗora ta don kada ta jiƙe. Ba ta yi kuka ba sai da na taɓa ta."

Ban taɓa jin labarin ruwan ba. Ba wanda ya taɓa gaya min ta taɓa ni. Tsufa ya cinye mata kunyar, ya bar abin da ke ƙarƙashi, kuma abin da na yi shekara hamsin ina jira ya zo ya same ni da tiren shayi a hannu, a gaban ma'aikaciyar gwamnati. Daɗi ya rufe ni, daɗi irin wanda ban san akwai shi ba, kuma bai kai ƙiftawar ido ba tsoro ya hau kansa.

Yarinyar ba ta jin Hausa, amma binti ta ji. Ta duba allonta, ta ɗago. "A nan ɗa ɗaya aka rubuta, namiji." Ta kalli Yaya, ta kalle ni. Goshinmu ɗaya, wushiryarmu ɗaya, ko makaho ya shafa zai gane. Ta tambaye ni a hankali, "'Yarta ce ke?"

Kalma ɗaya ce, na'am. Tana kan harshena. A bayanta na hango mai gidan haya yana karɓar mukulli, na hango Yaya a gadon ƙarfe cikin tsofaffin da ba mai jin Hausarta, tana tambayar jirgin ruwa ba mai amsawa. Na hango kaina a motar tarhil, ana kai ni ƙasar da ban san kowa ba, ita kuma ba mai canza mata zane. Sai na yi dariya, irin dariyar da nake yi wa mai tumatir idan motar askarawa tana wucewa.

"La, la, ana jara," na ce. Ni maƙwabciya ce. "Duk matan benen nan binti take ce musu. Tsufa ne, Allah ya sa mu gama lafiya."

Yaya ta jijjiga hannuna. Ta sake kiran sunan. "Gaya mata mana. Gaya mata ni na haife ki."

Na durƙusa na ɓamɓare yatsunta daga hannuna ɗaya bayan ɗaya. Na ce da Hausa, da murya mai taushi irin ta lallashin yaro, "Hajiya, ki yi haƙuri, ni maƙwabciyarki ce." Na maimaita da Larabci don baƙuwa ta ji. Yaya ta tsaya tana kallona, bakinta a ɗan buɗe. Sannan a hankali ta sunkuyar da kai, ta laluba mayafinta ta ja ta rufe baki.

Yarinyar ta yi rubutu a allonta, ba ta sha shayin ba. Na raka ta bakin ƙofa, jikina yana tare jakar. Ta tsaya tana gyara takalmi, ba ta kalle ni ba ta ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. Ba ta nemi katina ba, kuma na san ba mantuwa ta yi ba. Ta ce Allah ya ba ni ladan maƙwabtaka, ta sauka.

Bayan azahar ƙanena ya iso yana haki. Da na ba shi labari ya ɗaga hannu sama ya ce, "Masha Allah alaiki, Abla, kin ceci gidan nan!" Na ce ya fita ya ba ni wuri kafin in kifa masa butar shayi. Ya fita yana mamakin abin da ya yi. Na koma na zaunar da Yaya na ƙarasa kitson. Ba a daɗe ba saƙo ya shigo wayarsa cewa an sabunta taimakon. Muna nan a shiggar har yau, kuma na san ranar da aka fita da Yaya daga ƙofar nan, ni ma ranar zan ɗauki jakata.

Washegarin zuwan bahisa da safe na kai wa Yaya koko. Ta gyara zama, ta rufe ƙafafunta da zane kamar an yi baƙo, ta ce, "Sannu da zuwa, maƙwabciya. Kin tashi lafiya? Ya mutanen gidan?"

Na ɗauka na rana ɗaya ne. Ba ta sake kirana da wani abu ba tun daga ranar. Ko "ke" ɗin ma na rasa. Godiya take yi min yanzu, ita da ba ta taɓa gode min ba, domin ba a gode wa na gida. Idan zan yi mata wanka sai ta yi ta ba ni haƙuri, tana cewa ta ɗora wa 'yar mutane wahala. Ban sani ba ko ruɗewar ce ta kama maganar ta riƙe, ko kuwa wani ɓangare nata da ya rage ne ya ji ciwo ya koma ciki ya kulle. Na gwada. Na rufe ƙofa da taga, na durƙusa a gabanta na ce, "Yaya, ni ce fa, 'yar Inna." Ta ce, "'Yar Inna tana wajen Inna." Na faɗa mata sunana, na ja ƙarshensa yadda ta ja. Ta ce suna mai kyau, Allah ya raya. Na tambaye ta labarin ruwan da ya gangaro daga dutse, ta ce ita ba ta san wannan ba.

Kullum idan aka yi la'asar sai ta fara kallon taga tana mutsu-mutsu. Ba ta iya miƙe ƙafa ta huta da baƙuwa a ɗaki, kunya ba ta barin ta.

"Maƙwabciya, yamma ta yi. Je ki gida kada a neme ki. Ki gaishe min da mahaifiyarki, ta iya tarbiyya."

Idan ban tafi ba hankalinta ba ya kwanciya, har kuka takan yi. Don haka sai in sa abaya, in zaro takalmina daga ƙarƙashin kujera, in yi mata sallama in fita, in kulle ƙofar ta waje. Ba na sauka titi, ba inda zan je. A kan matakala nake zama, tsakanin hawanmu da rufin bene, inda ba mai wucewa, ina jin tarinta ta bango. Idan na ji an fara kiran magariba sai in sauko, in buɗe, in yi sallama.

"Maraba da maƙwabciya," takan ce. "Kin gaishe ta?"

"Na gaishe ta, Hajiya."

"Me ta ce?"

"Ta ce tana amsawa."